Kwanon Baba a Zaure

Ranar da likita a Daura ya ce jinin Baba ya hau, na dawo Baure na zama 'yar sandan tukunya. Tun rasuwar Inna ni nake yi masa girki, don gidan aurena a layinsu yake. Na rage gishiri har ya zama sai dai a ce an sa, man gyaɗa kuma sai da cokali. Daddawa da tafarnuwa da citta suka karɓi aiki. Yau miyar kuka, gobe zogale, tuwon dawa ya kori shinkafa. Ni kaina in na ɗanɗana sai na yatsine fuska, amma ran tsohona ya fi mini daɗin baki.

Kullum bayan magariba kwanonsa zai fita zaure, ya dawo tas kamar an wanke. Har fariya nake yi wa maigidana, ina cewa ka ga Baba bai taɓa yi mini gardama ba.

Abin da kaina bai kawo mini ba shi ne ciyayya. Dattawa biyar ne a layin, shekara da shekaru kowane gida yana fito da kwanonsa zauren Baba, a haɗa a ci tare. Na san da wannan tun ina yarinya. Wallahi na sani. Amma da yake nawa yana dawowa wayam, sai na ɗauka cikinsa yake tafiya.

Wata huɗu muna komawa awo, jini ya ƙi sauka. Likita ya dube ni ya ce anya ana kiyayewa? Saura kaɗan in yi masa rashin kunya. Sai wata safiya buta ta suɓuce wa Baba yana alwala, bakinsa ya karkace.

A asibiti amininsa ya zo duba shi, tsohon dillalin shanu ne da nake kira Baffa, ɗaya daga cikin masu ciyayyar. Ya tambaye ni me ya jawo haka. Na ce hawan jini ne, ga shi wata huɗu ina fama da hana shi gishiri da maiƙo.

Sai na ga carbi ya tsaya a hannunsa.

"'Yata, wai da gangan kike yin miyar nan lami?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baffa. Bai gaya muku ba?"

Ya yi salati. "Ko da wasa. Mu mun ɗauka tun rasuwar babarki hankalinki ne bai dawo ba. Muka ce kada a tona miki asiri, kada kuma ubanki ya ji kunya. Mu huɗu muke cinye naki, mu tura masa namu, mu ƙara masa man shanu da yaji. Gani muka yi ya rame."

Na zauna daɓas a ƙasa. Wata huɗu! Ina can ina auna mai da cokali, ashe tsofaffi huɗu masu lafiya nake yi wa magani, nawa kuma ana ɗura masa abin da zai kashe shi, duk don a rufa mini asiri. Na rasa wanda zan ji haushi. Baba ya ji nauyin ce wa abokansa ba shi da lafiya, su sun ji nauyin ce mini miyata ba daɗi, ni kuma ban taɓa leƙa zauren ba, don mace ba ta tsayawa a kan dattawa suna cin abinci.

An sallamo Baba, amma hannunsa na dama bai dawo ba. Kafin ya iso, Baffa ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Yanzu duk kwanon da zai shiga zauren lami ne kamar nawa, kuma sai Baffa ya ɗanɗana kafin a ci.

Na daina jin kunyar leƙawa. Hannun Baffa da ya yi wata huɗu yana tura masa kwanon man shanu, shi ne yanzu yake gutsuro loma ya kai masa baki.