Na Ɗauko Marubuciyata a Taksi

Jiya da azahar muna tsaye a kan gada, sojoji na binciken motoci, kogi ya janye sai yashi. Wata dattijuwa da na ɗauko a taksina daga Plateau za ta Harobanda ta ciro waya tana ɗaukar muryarta: "Sai Ramatu ta zura guga a rijiya, ta jawo shi wayam..."

Ramatu! Shekara guda ke nan ina bin labarin nan a Facebook, ashe mai rubuta shi na ɗauko. Saboda shi na sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, na fara rubuta nawa in babu fasinja.

Na waiwayo na ce, "Hajiya, don girman Allah kar ki kashe Ramatu."

Ta yi dariya har da tari. "Kai ma kana karantawa, ɗana?"

"Har rubutawa nake, amma kayen na ƙarƙashin kujera."

"Kujerar ce za ta karanta maka? Fito da shi."

Ba ta yi mini alƙawarin komai kan Ramatu ba. Ni dai yau na ciro kayen nan, shafin farko zai shigo nan Facebook bayan la'asar, ko da dariya za ku yi mini.

Ku fa, wa ya taɓa zungurar ku haka?