Ɗorawar Kaka da 'Ya'yanta

Da safiyar wata Laraba, a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, na tsuguna a gindin ɗorawar kakata a gonarmu ta bayan Kurgu, ina ta tonon ƙasa da tsinke kamar kaza. Tsirran ɗorawar da na yi ta yi wa ban ruwa da butar alwala sun kwanta duka, wuyansu ya yi baƙi ya ruɓe, kuma na rantse sai na ga abin da ya cinye su. Ban ga tsutsa ba, ban ga gara ba. Haushi ya kama ni sosai.

Ɗorawar ta tsufa, tsawa ta tsage mata reshe guda, kuma da kalwarta Kaka ke yin daddawar da 'yan Dole Kaina da matan tsallaken Benin suke nema da sunanta. Kullum zancenta, in itacen ya faɗi babu magaji, sana'ar hannunta ta mutu. Shi ya sa na shuka kalwa a inuwar uwar, ina ganin nan ne gata. Abin da ya ɗaure mini kai, tsamiya da kanya da tsuntsaye suka yar a wurin sun tsiro suna ta walwala.

Kaka ta same ni ta yi dariya har da riƙe ciki. "Maigidana, mi kaka nema? Ƙasag ga ta san ɗiyan ɗorawa, ita ka cin su. Kai su can inda ba ta san su ba." Na tambaye ta ko ƙasa tana da baki, ta ce in je in tambayi ƙasar. Na kai sauran kalwar can ƙarshen gona, kusa da kiryar da ke iyaka da maƙwabcinmu, guda ta rayu.

Sai da na girma na karanta cewa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu taruwa a saiwar kowane irin itace su addabi 'ya'yansa su ƙyale baƙi, shi ya sa dajinmu bai zama na ɗorawa zalla ba. Yanzu an sare rabin dajin an yi gawayi, amma tawa tana nan, mata na kakkaɓe ta duk bazara. Uwar ta faɗi, Kaka ta bi ta kafin ƙaramar ta yi furen fari. Har yau ina jin ciwon ba ta taɓa dafa kalwarta ba.