Parvan da Lahadin Yafiya

Ni mai gasa burodi ne a gidan yari. Ma'aikaci ne ni, ba fursuna ba, ko da yake na daɗe a bakin tanderun nan har gashin hannuna ya daina fitowa. Ana turo mini fursunoni su taya ni aiki, kuma ba na tambayar kowa abin da ya kawo shi. Su ne ke faɗa da bakinsu, kuma kusan kullum laifin wani ne.

Parvan ya zo mini ya haura shekara hamsin. Ɗan wani ƙauye ne kusa da kogin Danube, inda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tarakta yana nome gonakin alkama da masara, kamar yadda ubansa ya yi. Maƙwabta suna yabonsa. In motarka ta maƙale a laka shi zai fito ya ja ka, ko kofin kofi ba zai tsaya ya sha ba. Matarsa Velichka ce ta san ɗaya fuskar. Shekara da shekaru yana dukanta, har ranar da ya karya mata hannu, likita ya kira 'yan sanda. Daga asibiti ta wuce gidan ƙanwarta a birni, ba ta sake taka ƙauyen ba.

Ni abin da ya gaya mini shi ne giya ce ta jawo, da kuma bakin Velichka.

Kowane mako ana ɗauke mini shi ana tsakiyar aiki, a kai shi ɗakin Malama Rumyana, wadda aka ɗauka ta riƙa zama da masu dukan iyalinsu. Sai su kewaye ta a kan kujerun roba su yi ta magana. Ban ɗauki abin da daraja ba. Na ga maza da yawa sun fito daga ɗakin nan da baki mai daɗi, aka sake su, suka dawo mini da laifi iri ɗaya. Na taɓa gaya mata haka a ƙofar kicin. Ta ce ita ma ta gani, amma ba ta da wani kayan aiki sai magana, in ina da wanda ya fi in ara mata. Ba ni da shi.

Ni hannun mutum nake kallo. Farkon zuwan Parvan, in burodi ya ƙone sai ya doka ƙofar tanderu, ya nemi wanda ya fi shi rauni ya zazzage shi. Bayan 'yan watanni ya koma fita waje ya tsaya, ya huce, ya dawo. Ban yaba masa ba. Akwai gandiroba a bakin ƙofa, kuma a gidan Velichka babu.

Ana haka Lahadin Yafiya ta matso, wadda muke yi kafin shiga babban azumin coci. Ranar kowa na neman gafarar mutanen gidansa. Ka ce a yafe maka, a amsa maka an yafe, a zauna a ci ƙwai da farar alewa da banitsa, wani burodinmu mai falle-falle da cuku a ciki. Ba a ƙin amsawa, abin kunya ne. A gidan yari layin waya a ranar ya fi layin abinci tsawo.

Parvan ya samo lambar wayar gidan ƙanwar Velichka ta hannun uwarsa. Ya shigo kicin yana fara'a, ya ce tun da aka kama shi bai ji muryar matarsa ba, amma ranar Lahadi zai ji, kuma dole ta yafe, domin rana ce da ba a ƙi. Delcho, wani ɓarawon mota mai taya mu kwaɓi, ya tuntsire da dariya.

"Kawu, ka ji dabarar ɗan ƙauye? Ya jira ranar da ko shaiɗan ya roƙa sai an ce masa an yafe."

Ni ma ban ga aibun abin ba. Namiji zai sunkuyar da kai ya roƙi matarsa, a ranar da aka tanada don haka. Kowa a garinmu zai ce ya kyauta.

Ya kai maganar ɗakin Malama Rumyana yana jiran a yaba masa. Ya dawo ya kama aikinsa. Sai ranar Asabar, muna murza fulawar banitsa, ya buɗe baki. Ya ce tambaya ɗaya ta yi masa: ko akwai shekarar da Velichka ba ta amsa ba, kuma me ya biyo baya.

Akwai. Kowace shekara yana faɗin kalmar a kan tebur, gaban uwarsa da baƙi, ita kuma ta amsa, shi ke nan ya wanke. Wata shekara kumburin idonta bai gama sacewa ba, sai ta yi shiru tana kallon farantinta. Ya sake faɗa, ta yi shiru. Ya kife teburin da duk abin da ke kai, ya riƙe ta a wuya.

"Ta faɗa, maigida," ya ce mini. "Tana ƙasa cikin fasassun farantai ta ce ta yafe. Ni kuma na tafi coci da zuciya fes."

Na nuna masa inda fulawarsa ta yage.

Ranar Lahadi da rana ina wucewa da tire na gan shi a layin waya. Da aka zo kansa ya ɗaga wayar, ya tsaya riƙe da ita, na baya suna ƙorafi. Can ya mayar da ita, ya ja gefe. Delcho ya tambaye shi ko taraktar ce ta mutu, bai kula shi ba. Ya biyo ni kicin ya ce in ba shi aiki. Na tura masa tirori masu baƙin maiƙo, waɗanda kowa ke gudu.

Yana cikin kankara ya yi magana, bai ɗago ba.

"In ban roƙe ta ba, ta yaya za ta san na yi nadama?"

"Ba za ta sani ba," na ce.

"To me na samu?"

"Kai ba ka samu komai ba. Ita ce yau ta ci abincinta ba wanda ya sa ta faɗi abin da ba ta so."

Ya ci gaba da kankara har tirorin suka ƙare.

An sake shi daga baya. Velichka ta raba auren ta kotu, bai ja ba. Ya koma ƙauye wurin uwarsa, ya koma kan tarakta. Ban san ko ya zama mutumin kirki ba, ba na cikin gidansa, kuma ba zan rantse a kan kowa ba.

Abin da na sani shi ne duk Lahadin Yafiya wayata tana ƙara, shi ne. Ya ce ranar hannunsa ƙaiƙayi yake yi, gara ya danna lambata. Sai ya ce in yafe masa, in ce ban riƙe shi da komai ba sai burodin da ya ƙona mini. Sannan in tambaye shi ko ya kira Velichka. Bana ma ya ce a'a.