Malam Dodo, Mai Ba Tsawa Hanya

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu da ke Gummi, Malam Dodo ba ya wucewa gida kai tsaye. Sai ya tsaya a bakin hanya, ya goya hannuwa a baya, ya ɗaga kai yana duban gabas kamar mai jiran baƙo. Maƙwabta sun daina tambayarsa abin da yake nema. Yanayin gari yake dubawa, ya san ko yau ranar hawa ce ko ta zama. In ya ga sama garau, sai ya shiga gida ya sha kunun da matarsa Uwani ta dama, ya zazzage jakarsa a kan tabarma: sufana, filaya, guduma, gwangwanin giris, da bel mai ƙugiya wanda yake ɗaure kansa da shi a jikin ƙarfe. Kullum sai ya bi ɗinkin bel ɗin nan da yatsa, ya ja shi da ƙarfi, sannan ya ɗaure jakar a bayan babur.

Sana'arsa kafa eriya ce a kan dogon ƙarfe. Daga Gummi zuwa Bukkuyum har Anka, duk inda ka hango ƙarfe ya miƙe a bayan ɗakin shan magani ko makaranta, an ɗaure shi tam da wayoyi ta kowane ɓangare, da wuya in ba hannunsa ba ne. A ƙauyukan da sabis ɗin waya ba ya kaiwa, rediyon oba-oba ne bakin mutane, shi kuma rediyon ba ya magana sai da eriya.

Da gyaran rediyo ya fara a kasuwar Gummi. A shekarun da talabijin ta yawaita, kowa ya shiga ɗaura eriya a kan bututun ƙarfe yana jinginawa da katanga. Wata rana amininsa Sa'idu, tela ne, yana ɗaga nasa bututun sai iska ta karkata shi ya taɓa wayar lantarki. Dodo na cikin waɗanda suka yi masa wanka. Bai daɗe ba ya rufe rumfarsa, ya bi wasu masu kafa eriya ya koyi aikin daga tushe. Har yau ba ya sa diga a ƙasa sai ya zagaya wurin, ya auna da ido inda ƙarfen zai kwanta in ya faɗi. In akwai wayar lantarki ko ɗakin kwana a nan, to sai a sake wuri, ko gidan wane ne.

Zaliha, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye can bayan Nasarawa Burkullu, ta fi kowa ba da labarinsa. Ta ce ranar da aka tayar da ƙarfen asibitinsu, mutanen gari sun taru suna jiran su ji rediyo ya yi magana. Halilu, wakilin mai gari, ya matso.

"Malam Dodo, ƙarhe ya tsaya, eriya ta hau. To mi muka jira? Kunna muna mu ji."

"Ba ni kunnawa sai na yi ma tsawa hanya tata," in ji Dodo. "Wanga ƙarhe ya hi komi tsawo garin ga. In ta zaka, shi za ta nema. In ba ta ishe hanyar shiga ƙasa ba, ɗakin Zaliha za ta shiga."

Ƙasar wurin marmara ce, diga na tashi da wuta. Dodo ya ce rami za a haƙa a gindin ƙarfen har sai an tarar da danshi. Halilu ya yi ƙorafi, ya gaji, ya tuɓe rigarsa ya karɓi diga. Da aka kai ƙasa mai laima, Dodo ya buga sandar jan ƙarfe a ciki, ya zuba gawayi da gishiri, aka kwarara ruwa. Ya ɗauko waya mai kauri, ita ma ta jan ƙarfe, ya haɗa ƙarfen da sandar, miƙe sambal ba lanƙwasa, ya ɗaure notin ya shafe shi da giris saboda tsatsa. Wannan ita yake kira wayar ƙasa. Sai da ya gwada da mita ya gamsu, sannan aka kunna rediyo.

Ba wanda ya ɗora masa, amma duk shekara in damina ta kawo kai, yakan bi ayyukansa ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. A irin wannan zagaye ne ya isa asibitin Zaliha wata rana bayan azahar. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, rafi ya cika, da ƙyar aka tsallakar masa da babur. Ya wuce gindin ƙarfen kai tsaye, ya durƙusa ya duba. An yanke wayar ƙasa, an tafi da ita. Sai ɗan guntu a maƙale da noti. Ya ɗaga kai, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta fara kaɗa ganyen dalbejiya.

Ya shiga ɗakin rediyo da sauri. Ya tarar da Zaliha riƙe da abin magana tana ta kiran babban asibitin Bukkuyum, ba a amsa ba. A kan gado kusa da ita ga Lubabatu, matar wani makiyayi, ta haihu da safe, jini ya ƙi tsayawa. Dodo ya kai hannu bayan rediyon zai kwance wayar eriya. Zaliha ta tare shi.

"Kak ka cire, Malam! Ban samu Bukkuyum ba tukuna. Matar ga ba ta kai gobe haka."

"An sace wayar ƙasa," ya ce. "In na bar wagga haɗe, ke da ita da rediyon duka tsawa za ta ishe. Ki yarda da ni. Da hadari ya wuce, ni ka maido miki Bukkuyum."

Zaliha ta dube shi, ta dubi mai jego, ta janye hannunta. Ya kwance wayar, ya zare ta ta taga, ya jefar can nesa da ginin. Shi da mijin Lubabatu da Halilu suka ɗauki gadon da mai shi suka kai ɗakin ajiya, wanda ya fi nisa da ƙarfen. Ya hana kowa tsayawa a bakin ƙofa ko jingina da bango.

Ruwa ya kece. Can sai gari ya yi fari fat, ƙara ta biyo baya a take, har kwanukan magani suka zubo daga kan kanta. Jaririn ya tsala kuka. Kakarsa ta ƙanƙame shi tana salati.

Dodo bai fita ba sai da rugugin ya yi nisa ya ɗauke. Ya tarar eriyar ta narke, simintin gindin ƙarfen ya tsage, wayar da ya jefar ta ƙone ta zama gawayi. Rediyon kuwa na nan lafiya lau a kan tebur. Ya kwance wata ƙaramar eriya da yake yawo da ita a babur, ya ɗaura a kan doguwar gora, Halilu da mijin Lubabatu suka tsaya a kan tudu suka ɗaga ta. Zaliha ta sake kira. Muryar Bukkuyum ta fito, da shasshaka amma ana ji. Motar asibiti ta zo har bakin rafi, aka kai Lubabatu can a amalanken shanu. Ta rayu. Yaron yanzu yana bin awaki.

Dodo bai nemi a gano ɓarawon ba. Liman ya roƙe shi ya yi wa jama'a bayani ranar Juma'a, su san abin da wayar nan take tsarewa. Sabuwar da ya sa kuma ya zura ta cikin bututu ya shafe da siminti, kuma haka yake yi ko'ina tun daga lokacin.

Malam Dodo, kai ne ake kira in za a kafa, a manta da kai in an kunna. Kai ne mafi alherin aikinka yake binne a ƙasa, ba mai ganinsa balle ya yaba. An ce maka mai taurin kai, an ce maka mai jan aiki, ba ka taɓa fushi ba, ba ka kuma taɓa sassautawa ba. Cikin duk waɗanda ka koya wa hawa, babu wanda aka taɓa kawowa gida a ɗauke. Iyayensu mata sun san wannan, ko da sauran mutane ba su sani ba.

Bana gwiwa ta ce ya isa, Uwani ma ta ce ya isa. Ya sauka daga ƙarfe, amma bai bar gindinsa ba. Waɗanda ya koya wa aiki, yanzu magidanta ne masu nasu rumfuna, sukan ɗauke shi a babur, ya zauna a inuwa yana ɗaga murya: "Maƙala ƙugiya kahin ka saki hannu!"

Mun gode, Malam. Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwa lafiya, Ya sa aikin nan ya tarbe ka a inda ya fi amfani. Masu wannan sana'a, ga wanda za ku yi koyi da shi: ku gyara abin da ba a gani kamar yadda kuke gyara wanda ake gani.

Da na gaya masa zan rubuta labarinsa jama'a su karanta, sai ya yi dariya ya girgiza kai.

"Mi za su yi da labarina? Ce musu damina ta kusa. Kowa ad da ƙarhe bisa gidansa, shi tashi shi duba gindinsa yau."