Tsagar Kunnen Saniyar Safiyanu

Malam Safiyanu, makiyayi a Surko, bai san sunan mahaifinsa na yanka ba. Yana goye uban ya rasu, uwarsa kuwa har ta koma ga Allah kunya ba ta bar ta ta ambaci sunan miji ba. A Kiyako suka ce Ɗanbala ne, a Maruta suka ce Jauro. Abin da ya gada kawai shi ne yadda ake tsaga kunnen shanu.

Ya riga ya yi furfura ranar da wani tsoho ya kama kunnen saniyarsa a kasuwar Gwaram.

"Wannan tsagar gidanmu ce," in ji tsohon. "Kai ne ɗan ƙanena Jafaru?"

Safiyanu ya buɗe baki zai maimaita sunan, sai kunya ta kama shi, shi ma.