Mai Tanka a Mahaɗar Ramin Dutse

Mai Tanka ake ce masa, don tun yana da baƙin gashi aikinsa ke nan: ya cika tanka da ruwa, ya bi hanyar da ta gangara cikin ramin haƙar ma'adinai yana yayyafi, kada ƙura ta rufe wa manyan motocin kwasar dutse ido. Motocin nan kuwa ba na wasa ba ne, tayarsu ɗaya ta fi ɗakin kwanansa tsayi.

Yana da ɗabi'a guda da kowa ya san shi da ita. In ya iso mahaɗar hanya, ba ya tsallakawa sai direban babbar mota ya dube shi, sun haɗa ido, ya ɗaga hannu, an ɗaga masa. Ba iyayi ba ne. Amininsa ya taɓa tsallakawa a wurin ba tare da an gan shi ba, kuma Mai Tanka ne ya kai wa matarsa hularsa.

To, sai kamfani ya kawo motoci marasa direba. Aka sallami wasu, aka mai da wasu ofis, shi aka bar shi, don ba a samo na'urar yayyafi ba tukuna. Aka ce masa abin da sauƙi: akwai ɗan allo kusa da sitiyari, in ya nuna kore, wuce. Sauƙi a bakin mai faɗa! Bawan Allah zai iso mahaɗa, allo ya yi kore, ya ɗaga kai ya ga kujera wayam, ƙafarsa ta ƙi barin birki. Motocin kuma an yi su ne su tsaya cak in wani abu ya tare gabansu. Ta farko ta tsaya, ta bayanta ta tsaya, kafin ka ce me, aiki ya tsaya tun daga ƙasan rami har injin niƙa dutse.

"Kai da ba ka tsoron dutse, yau kujera ce ke ba ka tsoro?" in ji matarsa, tana ɗaure masa kwanon abinci. Ya yi dariyar yaƙe. Maganar gaskiya tsoro yake ji, irin wanda ke hana abinci wucewa.

Shugaban aiki bai yi masa tsawa ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙi. A hankali ya ce, "Malam, ina ganin girmanka. Amma in layi ya sake tsayawa saboda kai, sai dai ka huta a gida."

Abin da ya ƙara dagula masa lissafi, autarsa tana cikin masu zama a ɗakin kula da motocin, can sama, gaban manyan allunan da ke nuna kowane lungu na ramin. Tun ranar da ta fara aiki ta roƙe shi: a rediyo ba Baba, ba Auta, don kowa na ji. Ya amince, har yana alfahari. Yanzu ga shi duk tsayawar da ya yi a gaban idonta yake yi.

Washegari da hantsi ya gangaro. Ruwa na fita ta baya, tafin hannunsa ma na fitar da nasa. Ya iso mahaɗa. Daga hagu wata babbar mota ta taho, niƙi-niƙi da dutse, ta rage gudu. Allo ya yi kore. Ya ɗaga kai, don wuya ya riga ya saba, ya ga gilashi da kujera, ba kowa. Ƙafar ta ƙame.

Rediyo ya yi ƙara. "Tankar ruwa, hanya taka ce." Muryar Auta ce, a daidaice kamar ba ta san shi ba.

Ya ce wa ƙafar ta tashi, ta ƙi. Can baya ya hango ta biyu tana tahowa. Ya tuna hular nan, ya tuna zaman gida.

Rediyo ya sake ƙara.

"Baba," ta ce, ƙasa-ƙasa. "Dubi sandar da ke damanka, akwai kyamara a sama. Ina kallonka. Na gan ka, Baba. Wuce."

Ya dubi sandar. Ya ɗaga mata hannu, ya saki birki ya tsallaka. Babbar motar ta bi ta bayansa, layi bai tsaya ba. Wani a rediyo ya yi gyaran murya, amma ba wanda ya yi dariya.

Da yamma suka dawo gida a motar ma'aikata, ba wanda ya tayar da zancen. Ya ci abinci sosai har matarsa ta yi masa tsiya. Sai da Auta ta zo ɗauke kwano ya riƙe gefensa, bai dube ta ba.

"Gobe ma ke ce a kan allon?"

Ta girgiza kai. "A'a, Baba. Gobe hutuna ne."

Ya saki kwanon. Ya ce to, Allah ya kai mu.