Muhibbat, Wadda Ta Mayar Da Riɗin Ƙaninta

Da an sallame sallar asuba, Iya Muhibbat za ta yi ɗamara da gyale ta nufi wani sito a bayan kasuwar Lafiya. Aikinta ke nan shekara da shekaru: a kwance mata bakin buhun riɗi, ta zura hannu ta ɗebo, ta sunsuna, ta tauna, sannan ta ce "shiga da shi" ko "mayar". 'Yan dako na tsokanarta da Kwastan, ko a jikinta.

Siton na wata ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwa ne da ke haɗa kaya su tura Turkiyya. Babban kamfani in an dawo masa da kaya, gobe ya manta. Su kuwa sun taɓa shan ɗacin abin: aka gano burbushin maganin ƙwari a riɗinsu, mai sayen ya ce in aka kuma, kowa ya kama gabansa.

Bara, saura kaɗan kwantena ta cika, sai ga ƙaninta Baballe daga Assakio da nasa buhunan. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ta sunsuna. Ashe ya barbaɗa magani gudun ƙwari, yadda ya ga maƙwabta na yi.

"Yaya, ni ne fa," in ji Baballe. "Ɗan kaɗan na sa. Wa zai ji a can?"

"Ni na ji. Mayar."

"A gaban mutane za ki yi mini haka?"

"Abincin mutanen nan ne a cikin kwantenar, Baballe."

Ngodoo, shugabar ƙungiyar, ta shaida cewa ta ga hawaye na zubo mata, amma ba ta janye maganar ba. Kaya suka tafi, suka tsallake gwaji, mai saye ya zauna. Baballe kuwa bai sake taka gidanta ba, ko da salla.

Ke ce, Iya, kika sayo mana, mu 'yan ƙungiyar, amincin baƙi da zumuncinki, kuma wallahi abin yana yi mana ciwo. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Mun gode, Allah Ya saka miki. Duk mai son gadonki ya sani, sunsuna buhu abu ne mai sauƙi. Cewa "mayar" ga naka shi ne aikin.

Kai kuma Baballe, in wannan ya riske ka, ka je. Har yau in namiji ya yi sallama a ƙofarta, kai take fara zato.